Daga Zaman Ba-ruwanmu Zuwa Fagen Fama: Yadda Amurka Ta Shiga Yaƙin Duniya Na Ɗaya

Da daren Litinin, 2 ga Afrilu 1917, sojojin doki suka rako motar Shugaba Woodrow Wilson daga Fadar White House zuwa ginin majalisar dokokin Amurka. An sa masa rakiyar ne saboda tun da hantsi masu adawa da yaƙi suka cika Washinton. Wata biyar kacal kafin wannan dare ya ci zaɓe karo na biyu, magoya bayansa na masa kirarin cewa shi ne ya hana a kai 'ya'yan Amurkawa mahautar Turai. Da ƙyar ma ya sha a zaɓen, ƙuri'ar wakilai 277 da 254, kuma ratar da ya bayar a jihar Kalifoniya, wadda ita ta raba gardama, ba ta kai ƙuri'a 4,000 ba. Sai ga shi tsaye gaban 'yan majalisa yana roƙon su yarda a yaƙi Jamus, yana cewa dole a mai da duniya wurin da dimokuraɗiyya za ta zauna lafiya. Majalisar Dattawa ta amince ranar 4 ga wata da ƙuri'a 82 da 6. Majalisar Wakilai ta bi sahu kafin asubar Juma'a, 6 ga wata, da 373 da 50. Cikin waɗanda suka ce a'a har da Jeannette Rankin, mace ta farko da ta taɓa zama a majalisar, kwananta huɗu da kama aiki.

Idan aka tambayi abin da ya sauya cikin wata biyar ɗin nan, amsar da aka fi bayarwa ita ce jiragen nutso na Jamus, wato jiragen yaƙi masu tafiya a ƙarƙashin ruwa, da wayar Zimmermann, wani saƙon sirri na Jamus da aka bankaɗo. Gaskiya ne, kuma za mu zo kansu. Amma abin da na gani cikin wannan lamari shi ne Amurka ta daɗe da sa ƙafa a yaƙin kafin ta tura soja ko ɗaya. Ta kasuwa ta fara shiga, sannan ta banki. Ranar da aka kaɗa ƙuri'a a majalisa, yawancin ƙofofin fita sun riga sun rufe.

Wutar da ta tarar tana ci

Ranar 28 ga Yuni 1914, a birnin Sarayebo na Bosniya, wani matashi ɗan shekara 19 mai suna Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya-Hangari, Franz Ferdinand, tare da matarsa Sophie. Ruwa ba ya tsami banza. Tun 1908 Ostiriya ta haɗiye Bosniya, alhali Sabiyawa na kallon ƙasar a matsayin ta 'yan'uwansu. Faransa na riƙe da haushin yankunan Alsas da Loren da Jamus ta ƙwace mata a 1871. Jamus da Ingila sun shekara da shekaru suna tseren ƙera jiragen yaƙi. Ga alƙawuran ƙawance da manyan ƙasashen suka ɗaure kansu da su, ta yadda in an taɓa ɗaya an taɓa uku. Jamus ta gaya wa Ostiriya ta yi yadda ta ga dama da Sabiya, tana bayanta. Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi ranar 28 ga Yuli, Rasha ta tara runduna don kare Sabiya, Jamus ta shelanta yaƙi kan Rasha ranar 1 ga Agusta da kan Faransa ranar 3, washegari ta keta Beljiyam don ta zagayo Faris ta baya. Ingila, wadda ta sa hannu tun 1839 kan kare Beljiyam, ta shiga a wannan daren. Kafin shekara ta fita Turkawa sun shigo a ɓangaren Jamus.

Kowa ya ɗauka kafin Kirsimeti an gama. Da aka taka wa Jamus burki a kogin Marne cikin Satumba, sai sojoji suka haƙa ramuka suka shige, layi guda na kusan kilomita 700 daga bakin teku har iyakar Suwizalan. Daga nan yaƙi ya koma na wa ya fi juriya, wa ya fi harsashi, wa ya fi alkama, wa ya fi samarin da zai iya asara. A ranar farko kaɗai ta gumurzun Somme, 1 ga Yuli 1916, an kashe sojojin Ingila sama da 19,000. Irin wannan yaƙi ba a cinsa da abin da ke rumbun gida. Dole a nemo daga waje, kuma rumbun da ya fi kowane girma yana ƙetaren Atilantika.

Ba-ruwanmu a baki, ciniki a hannu

A Agusta 1914 Wilson ya roƙi Amurkawa su zama 'yan ba-ruwanmu a aikace, har ma a zuci. Yana da dalilinsa. Cikin mutum miliyan 92 da aka ƙidaya a 1910, sama da miliyan 8 haihuwar Jamus ne ko 'ya'yan Jamusawa. Ga miliyoyin 'yan asalin Ayalan da ba sa ga-maciji da Ingila, ga Yahudawan da suka gudo daga zaluncin sarakunan Rasha. Ƙasa irin wannan, in ta ɗauki ɓangare, a cikin gidanta za a fara faɗa.

Sakataren harkokin wajensa, William Jennings Bryan, ya hango inda ramin yake tun da wuri. Da bankin J.P. Morgan ya nemi jin ko zai iya bai wa Faransa rance, Bryan ya ce bai wa mai yaƙi bashi bai dace da zaman ba-ruwanmu ba. A ganinsa kuɗi sun fi kowane haramtaccen kaya muni, tunda da su ake sayen sauran. Wannan matsayi bai yi wata uku ba. Kasuwa ta yi sanyi a Amurka a lokacin, auduga ta yi kwantai a hannun manoman kudu, ga kuma masu saye sun zo har ƙofa. Cikin Oktoba gwamnati ta sassauta, ta ce rance dai a'a, amma a ba da kaya a biya daga baya babu laifi. A Janairu 1915 Morgan ya zama dillalin gwamnatin Ingila, shi ke sayo mata albarushi da bindigogi da alkama da dawakai da alfadarai da tagulla, yana cire la'adarsa. Zuwa Oktoba 1915 an ajiye kunya gaba ɗaya: Ingila da Faransa suka karɓi rancen dala miliyan 500 a kasuwar New York, wanda ba a taɓa bai wa wata ƙasar waje irinsa ba a Amurka.

Alƙaluman kaɗai sun isa labari. Kayan da Amurka ke sayar wa Ingila da ƙawayenta sun tashi daga kimanin dala miliyan 825 a 1914 zuwa sama da biliyan 3 a 1916. Cinikinta da Jamus da Ostiriya kuwa ya faɗo daga miliyan 169 zuwa abin da bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Kafin Afrilu 1917 bashin da bankunan Amurka ke bin ɓangaren Ingila ya haura dala biliyan 2, na Jamus kuwa kimanin miliyan 27.

A shari'ance Amurka ba ta karya doka ba. Kasuwarta a buɗe take ga duk mai kuɗi. Sai dai mutum ɗaya ne ke da hanyar kai kaya gida. Rundunar ruwan Ingila ta datse teku, tana tare jiragen 'yan kasuwa tana bincike, tana ƙwace duk abin da ta ga zai iya kaiwa Jamus, har da abinci. Tun ranar 5 ga Agusta 1914 kuma ta yanke wayoyin tangarahon Jamus da ke ƙarƙashin teku, saboda haka yawancin labarin yaƙi da Ba'amurke ke karantawa da safe ta Landan ya biyo. Washinton ta aika wa Landan takardun ƙorafi, aka amsa cikin ladabi, aka ci gaba da abin da ake yi. Hujjar Wilson ita ce dukiyar da Ingila ta ƙwace ana iya biyan diyyarta bayan yaƙi, ran da Jamus ta ɗauka a teku kuwa ba ya dawowa. Hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Amma datse tekun ma yana kisa. A hankali yake yi, cikin ɗakunan Balin da Biyana inda babu ɗan jarida, kuma ɗaruruwan dubban fararen hula ne yunwa da cututtukanta suka ɗauke kafin a ɗage shi.

Minti goma sha takwas

Jamus ba ta da ƙarfin fasa shingen a saman ruwa, sai ta koma ƙarƙashinsa. Tsohuwar dokar teku ta ce kafin a nutsar da jirgin 'yan kasuwa a tsai da shi, a duba kayansa, a bar mutane su sauka cikin kwale-kwale. Jirgin nutso kuwa rarrauna ne in ya fito sarari. Ingila ta ɗora wa jiragen 'yan kasuwarta bindigogi, ta umarce su su banke duk jirgin nutson da ya ɗago kai. Sai Jamusawa suka koma harbi babu sallama. A Fabrairu 1915 suka shelanta cewa duk ruwan da ke kewaye da Ingila fagen fama ne.

Ranar 1 ga Mayu 1915 jaridun New York suka fito da wata 'yar sanarwa daga ofishin jakadancin Jamus, a wasu ma daura da tallan kamfanin jiragen ruwa na Cunard, tana gargaɗin cewa duk wanda ya hau jirgin Ingila ya ratsa fagen fama, ya kuka da kansa. A ranar jirgin fasinja na Ingila, Lusitania, ya tashi da mutum kusan 2,000. Ranar 7 ga wata, wajen ƙarfe biyu da minti goma na rana, fasinjoji na gama cin abinci, ana hango gaɓar Ayalan, jirgin nutso U-20 ya sakar masa bam guda. Wata ƙara ta biyu ta biyo baya daga cikin jirgin. Ya karkata har yawancin kwale-kwalen ceto suka ƙi saukuwa, cikin minti 18 ya nutse. Mutum kusan 1,200 suka mutu, 128 Amurkawa, da yara da jarirai masu yawa. An binne da dama a manyan kaburbura na bai-ɗaya a garin Queenstown. A cikin jirgin kuma akwai harsashin bindiga sama da miliyan 4 da ake kai wa Ingila.

Kisan gilla ne, babu wata kwana. Amma Bryan ya yi tambayar da ta kamata: don me za a haɗa fasinja da albarushi a jirgi ɗaya? Ya ce wannan kamar a sa mata da yara a gaban runduna ne. Ya nemi a gargaɗi Amurkawa su daina hawa jiragen ƙasashen da ke yaƙi, a kuma tsawata wa Ingila kamar yadda ake tsawata wa Jamus. Wilson ya ƙi, ya ce haƙƙin Ba'amurke ne ya hau jirgin da ya so. Bryan ya ajiye aiki a Yuni 1915, Robert Lansing ya gaje shi, mutumin da zuciyarsa ke tare da Ingila tun farko. Daga ranar babu sauran mai irin wannan murya kusa da shugaban.

A Maris 1916 aka harbi jirgin fasinja Sussex. Wilson ya ce in an sake zai yanke hulɗa da Jamus, Jamus kuma ta yi alƙawari a Mayu cewa ta daina harbi babu gargaɗi. An ɗauki wannan a matsayin nasarar Wilson, kuma ita ta taimake shi a zaɓe. A zahiri kuwa ya miƙa wa Balin linzami. Daga wannan rana, shiga yaƙi ko rashin shigar Amurka ya rataya ne kan shawarar da hafsoshin Jamus za su yanke.

Lissafin da aka yi a Pless

Hunturun 1916 zuwa 1917 ya yi wa Jamus muni. Dankali ya lalace a gona, mutane suka koma cin wani tushen ganye da a da dabbobi ake bai wa. Ranar 9 ga Janairu 1917 Sarki Wilhelm na Biyu ya zauna da manyan hafsoshinsa a fadar Pless. Shugaban hafsoshin ruwa, Holtzendorff, ya kawo lissafi a rubuce: in aka saki jiragen nutso su nutsar da tan 600,000 kowane wata, ba tare da duba tutar kowa ba, cikin wata biyar yunwa za ta durƙusar da Ingila. Sun san Amurka za ta shigo. Sun lissafa cewa kafin ta tara soja ta horar ta ƙetaro da su an gama. A idonsu kuma Amurka ta riga ta zama rumbun abokan gaba, to me ya rage? Waziri Bethmann Hollweg bai so ba, amma ya sallama. Aka sanar da Washinton ranar 31 ga Janairu, aka fara washegari, Wilson ya yanke hulɗa ranar 3 ga Fabrairu.

Abin da Jamusawa ba su gane ba shi ne aljihun Ingila ya kusa ƙarewa. Kusan kashi biyu cikin biyar na abin da take kashewa a yaƙi kullum a Arewacin Amurka take kashe shi, kuma dalar na gab da ƙare mata. A Nuwamba 1916 babban bankin Amurka, da sanin Wilson, ya gargaɗi bankuna su yi hattara da takardun bashin ƙasashen waje. Wilson na son ya ja wannan igiya ne ya tilasta wa kowa zaman sulhu, har ranar 22 ga Janairu 1917 yana kiran a yi sulhun da babu wanda ya ci wani. Da Balin ta yi haƙurin 'yan watanni, da wataƙila bashi ya yi mata aikin da take nema wurin jiragen nutso.

Sai kuma wayar Zimmermann. Tunda an yanke wayoyin Jamus, Amurka ta yarda Jamus ta riƙa aika saƙonninta na neman sulhu ta layin jakadancin Amurka. Ta wannan layin na alfarma ne ministan harkokin wajen Jamus, Arthur Zimmermann, ya aika saƙo a tsakiyar Janairu, jerin lambobi zalla, zuwa jakadansa a Washinton don ya miƙa wa na Meziko. Layin ya bi ta Ingila, inda wani ofishin sirri na rundunar ruwa da ake kira Ɗaki na 40 ke kwafe duk abin da ya wuce. Da suka warware lambobin sai ga tayi: in Amurka ta shiga yaƙi, Meziko ta haɗa kai da Jamus, a ba ta kuɗi, ta ƙwato Texas da New Mexico da Arizona, ta kuma jawo Japan. Shugaban ofishin, Reginald Hall, ya riƙe takardar makonni. In ya fito da ita haka, Jamus za ta gane an fasa sirrinta, Amurka kuma za ta gane ana sauraron layinta. Sai da wakilinsu ya samo kwafi daga gidan wayar birnin Meziko, sannan aka miƙa wa jakadan Amurka a Landan, Walter Page. Jaridu suka buga ranar 1 ga Maris. Mutane da yawa suka ce ƙirƙirar Ingila ce, har ranar 3 ga wata da Zimmermann da bakinsa ya ce shi ya aika. Shugaban Meziko, Carranza, bai karɓi tayin ba. Amma manomin Texas da na jihohin tsakiya, wanda a da yake ganin rigimar teku ta attajiran gabas ce, yanzu ya ji ana rabon gonarsa.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. Ranar 15 ga Maris sarkin Rasha ya sauka daga mulki, abin da ya cire wa Wilson kunyar yin ƙawance da mai mulkin danniya. Tsakanin 16 da 18 ga wata aka nutsar da jiragen Amurka uku, Vigilancia da City of Memphis da Illinois. Ranar 20 duk ministocin Wilson suka ce yaƙi.

A muhawarar majalisa Sanata George Norris na Nebraska ya ce zinariya ce ta ba da umarnin wannan yaƙi, ana shirin buga tambarin dala a kan tutar Amurka. Abokan aikinsa suka yi masa ca, har da masu kiran cin amanar ƙasa. Ban yarda cewa masu banki ne suka juya Wilson kamar waina ba. Mutum ne mai taurin kai da aƙida, kuma mun ga yadda ya taɓa ja musu burki. Abin da ya fi jansa shi ne son kujera a teburin sulhu, don ya tsara duniyar bayan yaƙi. Amma Norris ya taɓo gaskiya. Cinikin ne ya jera jiragen Amurka a kan hanyar da jiragen nutso ke farauta, shi ne kuma ya sa janyewa ta zama asarar da babu ɗan siyasar da zai iya ɗauka. Jakada Page ma ya rubuto ranar 5 ga Maris cewa wataƙila shiga yaƙi ce kaɗai hanyar kare wannan ciniki da kauce wa rugujewar kasuwa. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abin da shigarta ta sauya

Sojan ƙasa na dindindin da Amurka ke da shi a lokacin bai kai 130,000 ba. Dokar tilasta shiga soja ta Mayu 1917 ta yi wa maza miliyan 24 rajista, aka ɗebi kusan miliyan 2.8. Amma kuɗi ne suka fara isa, domin baitulmalin gwamnati ya karɓi ɗawainiyar bashin daga hannun bankuna. A teku, Afrilu 1917 ya fi kowane wata muni, an nutsar da sama da tan 800,000. Maganin da aka samu shi ne irin na fatake: a daina tafiya ɗai-ɗai, a yi ayari da rakiyar jiragen yaƙi. Asara ta ragu ƙwarai, lissafin Holtzendorff ya rushe.

Rasha ta fice daga yaƙi a Maris 1918, Jamus ta kwaso rundunarta ta gabas ta jefa a hari na ƙarshe ranar 21 ga wata, ta sake isowa kogin Marne. Amma zuwa bazara Amurkawa kusan 10,000 ke sauka a Faransa kowace rana, ƙarƙashin Janar John Pershing, yawancin manyan bindigoginsu da jiragen samansu ƙirar Faransa. A gumurzun Meuse-Argonne, daga 26 ga Satumba, sojojinsu miliyan 1.2 suka shiga, aka kashe sama da 26,000. Faransa da Ingila ne suka ɗauki mafi nauyin faɗan har ƙarshe. Abin da Amurka ta kawo shi ne tabbacin cewa duk sojan da Jamus ta rasa ya tafi ke nan, na abokan gabanta kuwa wani na kan hanya. Aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918. Amurka ta rasa sojoji 116,516, kuma fiye da rabinsu ba a fagen fama suka mutu ba, cuta ce ta fi cin su, musamman annobar murar 1918. Faransa ta rasa kusan miliyan 1.4, Jamus kusan miliyan 2.

A cikin gida, yaƙin kare dimokuraɗiyya ya ci dimokuraɗiyyar da ake da ita. Dokokin 1917 da 1918 sun mai da sukar yaƙi laifi. Eugene Debs, jagoran 'yan gurguzu, ya yi jawabi a Canton ta jihar Ohio a Yuni 1918, aka yanke masa shekara goma, kuma daga kurkuku ya samu ƙuri'a sama da 900,000 a zaɓen 1920. A Collinsville ta jihar Illinois gungun mutane suka rataye wani Bajamushe ma'aikacin haƙar kwal, Robert Prager, kotu ta sallami waɗanda aka gurfanar. Baƙar fata sama da 350,000 suka sa kaki, yawancinsu aka ba su dako da haƙa. Rundunarsu ta 369 kuwa, da aka miƙa wa Faransa, ta yi kwana 191 a bakin daga. Da suka dawo gida suna ganin sun sayi mutunci da jininsu, sai suka tarar da tarzomar 1919, inda a Chicago kaɗai mutum 38 suka mutu. Wannan ɓangaren yana min ciwo duk lokacin da na karanta shi.

Alƙawarin da ya tsaya a bakin Turai

Manufofi 14 da Wilson ya zayyana a Janairu 1918, da maganganunsa kan haƙƙin kowace al'umma ta zaɓi makomarta, sun kai kunnuwan da bai yi zato ba. Sa'ad Zaglul, jagoran 'yan kishin Masar, ya nemi zuwa taron sulhu na Faris da ƙorafin ƙasarsa, Ingila ta kai shi Malta ta tsare, Amurka ta amince da ikon Ingila kan Masar. Koriyawa suka fito zanga-zanga ranar 1 ga Maris 1919, Japan ta murƙushe su. Ɗaliban Sin suka fito ranar 4 ga Mayu da suka ji an bai wa Japan yankin Shandong. Japan ita ma ta nemi a rubuta daidaiton jinsin ɗan Adam cikin tsarin sabuwar Majalisar Ƙasashe (League of Nations, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya), ta samu ƙuri'a 11 cikin 17, Wilson da ke shugabantar zaman ya ce sai kowa ya yarda, maganar ta mutu.

Mu ma abin ya taɓa mu kai tsaye. Sojojin Najeriya, da yawansu 'yan Arewa, suna cikin waɗanda suka ci Garwa a Yuni 1915, suka yi wa dutsen Mora ƙawanya har Jamusawa suka miƙa wuya a Fabrairu 1916. Bayan yaƙi aka kira ƙasashen da Jamus ta yi wa mulkin mallaka da sunan riƙon amana, amma Ingila da Faransa ne suka zauna a 1919 suka ja layi a Kamaru. Dikwa da Mubi suka faɗo hannun Ingila, Garwa da Marwa da Ngaundare suka tafi Faransa. Babu wanda ya tambayi mutanen Fombina ko na Borno. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1959 da ta 1961 aka ji ta bakin na ɓangaren Ingila.

Yarjejeniyar sulhu ta Basai (Versailles) ta 28 ga Yuni 1919 ta ɗora wa Jamus alhakin ɓarna, daga baya aka yanka mata diyyar mak na zinariya biliyan 132. Wilson ya haƙura da abubuwa da yawa don ya samu Majalisar Ƙasashe, yana ganin ita za ta gyara kurakuran. A gida Sanata Henry Cabot Lodge ya ce sashe na 10 na tsarin majalisar zai iya jan Amurka yaƙi ba da izinin 'yan majalisarta ba, ya nemi a sa sharuɗɗa. Wilson ya ƙi sassautawa, ya shiga jirgin ƙasa yana zagaya ƙasa da jawabai har jikinsa ya gaza a Pueblo, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi ranar 2 ga Oktoba. Majalisar Dattawa ta ƙi yarjejeniyar a Nuwamba 1919, ta sake ƙin ta a Maris 1920 da ƙuri'a 49 da 35, bakwai suka rage a cika kashi biyu cikin uku. Amurka ba ta taɓa shiga majalisar da shugabanta ya haifa ba.

Sojoji sun koma gida, bashi bai koma ba. A 1914 Turai ce ke bin Amurka, bayan yaƙi gwamnatin Amurka ke bin ƙawayenta kimanin dala biliyan 10, ta kuma ce sai an biya, alhali ta ɗaga harajin shigo da kaya a 1922 ta toshe musu hanyar samun dalar. Da tsarin Dawes na 1924 kuɗin suka koma zagaye: bankunan Amurka su ranta wa Jamus, Jamus ta biya Faransa da Ingila diyya, su kuma su biya Washinton. Da kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a 1929 sai rijiyar ta ƙafe. Marasa aikin yi a Jamus suka kai miliyan 6 a 1932, a Janairu 1933 Hitila ya zama waziri. Ba bashin kaɗai ya kawo shi ba, amma a wannan ƙasar da ta tsage ya yi shuka.

Amurkawa da kansu sun koma kan tambayar Norris. Daga 1934 zuwa 1936 kwamitin Sanata Gerald Nye ya binciki masu ƙera makamai da masu banki, har J.P. Morgan ƙarami ya zauna gabansa ya amsa tambayoyi. Dokokin ba-ruwanmu da majalisa ta yi daga 1935 zuwa 1937 sun bi ƙofofin 1917 ɗaya bayan ɗaya suna rufewa: ba a sayar wa mai yaƙi makami, ba a ba shi rance, Ba'amurke ba ya hawa jirginsa. Duk abin da Bryan ya nema aka hana shi, shekara ashirin bayan ya ajiye aiki ya zama doka. A Nuwamba 1939, wata biyu da ɓarkewar yaƙi na biyu, majalisa ta ɗage haramcin makamai ga duk wanda zai biya lakadan ya kwashe a jirginsa. A Maris 1941 ta yarda a bai wa Ingila makaman aro ba tare da kuɗi a hannu ba.